Darasi Ga Ma'aikacin Da Ke Gyara Kurakuran Wasu

A kusan kowane kamfani akan sami ma'aikacin da aikinsa shi ne bin sawun kurakuran abokan aikinsa, musamman akanta mai daidaita littattafan kuɗi a ƙarshen wata. In lissafi ya yi daidai ba a tunawa da shi, in ya ƙi shi ake fara nema. Wannan kan jawo gajiya da ƙunci, har gwani ya ajiye aiki, kamfani ya tafka asara.

Abu na farko da zai rage masa wahala shi ne sanin alamun kuskure. Tsarin rubuta kowace mu'amala a ɓangarori biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na shekarar 1494, yana tona kuskure da kansa. Idan bambancin ɓangarorin ya rabu da 9 ba saura, mai yiwuwa an juya lambobi ne, kamar rubuta N720 maimakon N270, wato bambancin N450. Idan kuwa aka sami shigarwar da ta yi daidai da rabin bambancin, wataƙila an sa ta a ɓangaren da ba nata ba.

Na biyu, ya riƙa tattara kurakuran da ke maimaituwa, ya miƙa wa shugabansa a rubuce domin a gyara tsarin aiki daga tushe.

Na uku, ya nuna wa mai kuskure a keɓe, ya kuma bar shi ya gyara da hannunsa. Da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.