Sabon Madubin Saiti: Kada Ka Yi Gaggawar Shiga Daji

Ranar da maharbi ya fara ɗora madubin saiti a kan bindigarsa, kurciyar da ke can ƙololuwar kuka sai ya gan ta kamar a tafin hannunsa. Ɗan'uwa, gani daban, samu daban.

Fara da duba bindigar taka. Maharbanmu da yawa a Sabon Tasha, Unguwar Romi da Gonin Gora, bindigar toka ce a hannunsu ko mai baki biyu, masu watsa ƙwayoyin harsashi. Ɗora musu madubi asarar kuɗi ce. Amfaninsa yana ga mai harsashi guda, ko bindigar iska. Ita ma ta iskan, in mai sifirin ce, tana bugu gaba da baya, kuma wannan bugun yakan kwance cikin madubin da ba don ita aka ƙera ba.

Rubutun 3-9x40 da ke jikin madubi na nufin yana jawo abu kusa ninki 3 zuwa 9, faɗin gilashin gaba kuma milimita 40. Ka bar shi a kan 3. Da ka ƙure shi, filin da kake gani zai tsuke, rawar hannunka ta fito fili. Ka bar tazarar kamar santimita 8 tsakanin idonka da gilashi, don in bindiga ta yi baya kada ta tsaga maka gira.

Sai gwaji. Ɗaure sukurorin mariƙinsa da kyau, ka kafa kwali a mita 25, da tudun ƙasa a bayansa, nesa da gidaje da gonaki. Harba uku kafin ka taɓa komai. In sun taru wuri guda, ko da a gefe ne, madubin lafiya lau. Murɗa maɓallan sama da na gefe kaɗan-kaɗan har harsasan su dawo tsakiyar kwalin. In sun warwatsu, ko kuma ka ga raɓa a cikin gilashi bayan ruwan damina, mayar wa mai shago kayansa. Ƙurar hunturu kuwa, hure ta kafin ka goge, bakin riga yana karce gilashi.

Abin da ya fi damuna shi ne hanya. Dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi: na bindigar toka daga Kwamishinan 'Yan Sanda, na sauran bindigogin farauta daga Sufeto Janar. A shingen hanyar Kachia ko ta Abuja, bindiga mai madubi tana jawo tambayoyi. Ba mu manta da matafiya 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 ba, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Riƙe takardarka, ka sa bindiga a kube babu harsashi, kuma Sarkin Baka ya san inda kuka nufa.

Don Allah kada ka mai da madubin nan abin leƙen motsi a cikin ciyawa. Duk abin da ka duba da shi, bakin bindiga na kansa, kuma wataƙila yaro ne mai kiwo. Ka tabbatar da idonka tukuna.