Kumburin Jini a Kunnen Kare

Kunnen kare guringuntsi ne da fata ta lulluɓe ciki da waje, ƙananan jijiyoyin jini na ratsa shi. Idan kare ya matsa wa kunnen da susa ko yawan kaɗa kai, jijiyoyin sukan fashe, jini ya taru, kunnen ya kumbura ya yi taushi da ɗumi, nauyinsa ya karkatar da kan. Abin da ke sa ƙaiƙayin shi ne asalin cutar: ciwon ramin kunne, ƙananan ƙwarin kunne, kaska, cizon ƙuda, ko ƙarangiyar da ta maƙale.

Wani karen farauta da aka kai asibitin dabbobi ya isa misali. Mai shi ya ɗauka kumburin kunnen ƙurji ne, ya kira wani mai yawo da jakar allura a unguwa, wanda ya tsaga wurin da reza. Jini ya zuba, kumburi ya sace, aka sallame shi. Cikin 'yan kwanaki kunne ya sake cika fiye da da. Sai aka koma sakiya, aka shafa baƙin mai, aka ɗura wa dabbar ibuprofen don rage zafi. Ranar da ya iso asibiti kunnen na ɗoyi, mugunya na tsatsafowa, karen na amai, ko ruwa ya ƙi sha. Ramin kunnen cike yake da kaska, duk tsawon wannan wahala babu wanda ya leƙa! Dole aka yanke ɓangaren da ya ruɓe.

Wannan kumburi ba ƙurji ba ne. Ba a tsaga shi a gida. Yawancin maganin zafi na mutane guba ne ga kare, ibuprofen na ƙwaƙule masa ciki ya lalata ƙoda.

A asibiti, ƙaramin kumburi akan zuƙe shi da sirinji a sa maganin steroid, amma yakan dawo. Mafi inganci tiyata ce: a sa wa kare barci, a tsaga ta ɓangaren ciki, a kwashe gudajin jini, a yi ɗinki da yawa da zai manne fata da guringuntsi yadda jini ba zai sami wurin taruwa ba. Ɗinkin yakan zauna mako 2 zuwa 3, da kwalar roba a wuya. Masu cire kwalar don "yana shan wuya" su ne ke dawowa da ɗinki a warware.

Wanda aka bari babu magani, jinin yakan tsotse da kansa, amma kunnen ya yamutse ya kanannaɗe har abada, wani lokaci ya toshe ramin. Kuma ko tiyata ta yi kyau, muddin ba a kashe kaska da ciwon ramin ba, kumburin na iya dawowa, ko ya koma ɗaya kunnen.