Agogon Auna Bugun Zuciya a Hannun Dattawa

Wata Hajiya daga Soron Ɗinki a birnin Kano ta aiko da tambaya. Jikanta ya kawo mata agogo mai auna bugun zuciya, shin agogon zai kula mata da hawan jini da ciwon suga?

Ranki ya daɗe, agogon nan matasa sun fi ɗaura shi, alhali dattawa suka fi buƙatarsa. Tsada, ƙananan rubutu da wahalar caji ke hana su.

Bugun zuciya kam yana aunawa. Suga kuwa, a 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a dogara da agogon da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda yatsa ba. Hawan jini, a auna da na'urar da ake ɗaurawa a damtse, a gida ko a Asibitin Murtala.