Amsoshin Tambayoyinku: Don Me Ake Keɓe Fadama Saboda Tsuntsaye?

Tambaya: Mu nan gona kan gona take, 'yar wadda muka gada ma rabon gado ya daddatsa ta. Sai ga shi na ji wai an keɓe fadama sukutum a Baturiya saboda tsuntsaye. Ashe tsuntsu ya fi mutum ke nan? Daga wani manomi a Ɗambatta.

Amsa: Wanda ya san ƙarancin gona a ƙasar Kano ba zai ga laifin tambayarka ba.

Baturiya tana ƙaramar hukumar Kiri Kasamma a Jigawa, cikin babbar fadamar Haɗeja da Nguru. A 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare fadamun duniya a birnin Ramsar na Iran. Tafkin Nguru ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga ƙarƙashinta a 2000, Baturiya da Dagona ta Yobe suka biyo baya a 2008.

Tsuntsayen kuwa akwai su. Da hunturu za ka tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe sun cika bakin ruwa, ga kuma agwagin daji da suka ƙetaro Sahara daga Turai, sai bazara ta ƙarato su koma. Amma ruwan da ya tara su shi ne masunci ke jefa taru a cikinsa. Shi ke ba da shinkafa, shi ke fitar da ciyawar da shanu ke ci da rani, shi ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyi. Duk ranar da tsuntsu ya ƙaurace wa fadama, to kifi ma ya kama hanya.

Mu Kanawa da hannunmu a ciki, domin Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta ragu. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya samu mafaka a cikinta, yana fitowa ya cinye wa manoma hatsi.

Saboda haka, Malam, mutum ake karewa. Ku ma a bakin Rafin Tomas, ku bar itatuwan gaɓa a tsaye, ku hana zuba guba a ruwa don kamun kifi. Allah ya ba da damina mai albarka.