Darasin Wannan Wata: Me Ya Sa Musulunci Ya Haramta Naman Alade?

Ko yaro ƙarami a gidan Musulmi ya san ba a cin naman alade. Amma in aka tambayi babba dalili, sau da yawa sai ya ce, "Haka muka tarar." Wannan amsa ba ta isa ba. Ɗan ci-rani da ya tafi Legas ko Fatakwal zai zauna da masu cin naman, kuma za su tambaye shi. Mafarauci zai gamu da mugun dawa a daji. Manomi zai iya wayar gari ya tarar aladun maƙwabcinsa sun shiga gonarsa. Kowane ɗayansu yana bukatar ya san hukunci, ya kuma san dalili. A karanta darasin a hankali, sannan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Inda hanin ya zo

Allah Maɗaukakin Sarki ya hana naman alade a wurare 4 cikin Alƙur'ani mai girma. Ga su:

1. Suratul Baƙara, aya ta 173.
2. Suratul Ma'ida, aya ta 3.
3. Suratul An'am, aya ta 145.
4. Suratun Nahli, aya ta 115.

An'am da Nahli sun sauka a Makka. Baƙara da Ma'ida sun sauka a Madina. Wato hanin ya zo tun kafin Hijira, aka kuma sake nanata shi bayan Hijira. A duk wuraren nan 4 an ambaci naman alade tare da wasu abubuwa 3: mushe, da jini, da abin da aka yanka da sunan wanin Allah. A cikin Suratul An'am an bayyana shi da cewa ƙazanta ne.

Saboda ayoyin sun fito fili, malamai ba su saɓa ba a kan wannan. Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya duk bakinsu ɗaya: cin naman alade haramun ne.

Hanin kuma ya girmi zuwan Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam. Yana cikin Attaura, a Littafin Firistoci sura ta 11 da Maimaitawar Shari'a sura ta 14. A can an ce alade yana da rababben kofato amma ba ya tuƙa kamar saniya da akuya. Shi ya sa Yahudawa masu riƙo da addininsu ba sa cin sa. Kiristocin cocin gargajiya na ƙasar Habasha su ma galibi ba sa ci.

Dalili na asali

Babban dalili shi ne umarnin Allah. Shi ya halicci mutum, shi ya halicci dabba, shi ya san abin da ya dace da bawansa. Musulmi yana barin naman alade don biyayya, kamar yadda yake yin raka'a 3 a Magariba, 2 a Asuba, ba tare da ya nemi a canja masa lissafi ba.

Malamai sun raba abu biyu a nan: dalili da hikima. Dalili shi ne abin da hukunci ya tsaya a kansa. Hikima ita ce amfanin da mutane suke gani a cikin hukuncin. Mutum yana iya gane wata hikimar, wata kuma ta ɓoyu gare shi.

Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai. Wani zai ce, "Ai yanzu ana kiwon alade a ɗaki mai tsabta, likita yana duba shi, ana dafa naman sosai." In da cuta ce kaɗai dalili, da wannan magana ta karya hukuncin. Amma ayoyin ba su rataya hanin a kan cuta ba. Saboda haka ko an yi wa alade wanka da sabulu kullum, an ciyar da shi dawa zalla, namansa yana nan a haramun. Yanka shi da bisimilla ma ba ya halatta shi.

Abin da hanin ya ƙunsa

Ba tsoka kaɗai aka hana ba. Kitse da hanta da kayan ciki da romo duk sun shiga. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ana karanta shi a zaurukan malamai a ƙasar Hausa. A cikinsa an nuna cewa kowane sashe na alade haramun ne, sai gashinsa da aka yi rangwame a yi amfani da shi.

Ciniki ma ya shiga. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito cewa a shekarar da aka buɗe Makka, wato shekara ta 8 bayan Hijira, daidai da 630, Annabi (S.A.W.) ya hana sayar da giya da mushe da alade da gumaka. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan hadisi. Don haka Musulmi ba ya kiwon alade don kasuwa, ba ya dillancinsa, ba ya cin kuɗinsa.

Mafarauta su lura da kyau. Mugun dawa, wanda wasu ke kira gyado, alade ne na daji. Hukuncinsu ɗaya da na gida. In yana ɓarna a gona, manomi yana da damar kare amfanin gonarsa. Amma ba a cin naman, ba a kuma kai shi kasuwa.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa suke bi, duk dabba mai rai tana da tsarki, har da alade. In alade mai rai ya goge rigar mutum, kuma babu wata najasa da ta manne, rigar ba ta ɓaci ba. Sauran mazhabobi sun fi tsanantawa a nan. Amma bayan ya mutu, naman najasa ne a wurin kowa.

Hikimar da likitoci suka gano

Alade dabba ce mai cin duk abin da ta samu. In an sake shi yana yawo, zai ci shara da mushe, har da kashin mutum. Jikinsa ba ya fitar da gumi sosai, shi ya sa yake birgima cikin taɓo in zafi ya dame shi. Daga irin wannan rayuwa cututtuka suke samun hanya.

Ta farko ita ce tsila. Tsutsa ce doguwa mai faɗi da ke zama a hanjin mutum, tana kai tsawon mita 2 zuwa 3, wani lokaci fiye. Ga yadda take zagayawa. Mai tsila ya yi bayan gida a fili, ƙwayayenta suka fita tare da kashi. Alade ya ci kashin. Ƙwayayen suka zama ƙananan ƙuraje a cikin tsokarsa, kamar ƙwayar shinkafa. Wani ya ci naman bai dahu ba, sai sabuwar tsila ta girma a cikinsa.

Abin da ya fi muni shi ne in ƙwan tsilar alade ya shiga bakin mutum ta ruwa ko abinci ko hannu mai datti. A nan ƙurajen za su iya fitowa a cikin ƙwaƙwalwa, su jawo ciwon kai mai tsanani da farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da yawa da wannan tsutsa ta yi katutu, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya.

Ta biyu wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ce da ke shiga tsokar mutum. An fara gano ta a birnin Landan a shekarar 1835. Tana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da kumburin fuska.

Akwai kuma cututtukan da ke tsallakowa daga alade mai rai. A ƙasar Maleshiya, a 1998 da 1999, cutar Nifa ta taso daga jemagu ta kama aladu, daga nan ta kama masu kiwonsu. Mutum fiye da 100 suka mutu. Sai da aka kashe aladu fiye da miliyan 1 kafin a shawo kanta.

Wanda ba ya ci ma ya kiyaye

Kada wani ya ce, "Tunda ba na cin alade, babu ruwana." A birnin New York na Amurka, a 1990 da 1991, an sami ƙurajen tsilar alade a ƙwaƙwalwar mutane a gidaje 4 na Yahudawa waɗanda ba sa cin naman ko kaɗan. Likitoci suka bi sawu, suka ga alama ƙwan ya fito ne daga masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen da tsutsar ta yi yawa. Hannun da bai wanku ba ya isa ya kai cuta gidan da tukunyarsa ba ta taɓa ganin alade ba.

Haka kuma shanu suna da tasu tsilar. Mai cin tsire ko balangu da bai gasu ba zai iya kamuwa. Naman halal ma sai an dafa shi sosai. Kowane gida ya haƙa masai. A wanke hannu da sabulu ko toka bayan an fito daga ban-ɗaki, da kuma kafin a taɓa abinci. Mai farfaɗiya a kai shi asibiti, domin irin wannan tana da magani. Rigakafi ya fi magani.

Larura da kuskure

Addini bai zo don ya halaka mutum ba. Duk ayoyin nan 4 sun yi rangwame ga wanda larura ta kama. In mutum ya ɓace a daji, yunwa za ta kashe shi, babu wani abinci sai wannan, ya halatta ya ci ya tsira da ransa. Sharaɗin shi ne ba don marmari ba, ba kuma don ƙetare iyaka ba. A littafin Muhtasar na Shehu Halil an ce in mai larura ya sami mushe da alade, ya gabatar da mushe. Tsadar nama a kasuwa ba larura ba ce, muddin akwai tuwo ko wake ko gari.

Wanda ya ci bisa rashin sani babu laifi a kansa. Da zarar ya gane, ya daina, ya wanke bakinsa da hannunsa. Wanda ya ci da gangan ya yi zunubi, sai ya tuba, amma bai fita daga Musulunci ba muddin bai ce halal ne ba.

Tukunyar da aka dafa alade a ciki fa? Sahabi Abu Sa'alaba ya yi wa Annabi (S.A.W.) tambaya a kan kwanonin Ahlul Kitabi. Aka ce masa in ya sami wasu ya yi amfani da su, in bai samu ba ya wanke ya ci a ciki. Ba sai an fasa tukunya ba.

Abincin kanti da magani

A nan ne karatu yake rana. Wasu kayan gwangwani da na leda suna ɗauke da nama ko kitsen alade, kuma ana rubutawa a jiki. Da Turanci a nemi waɗannan kalmomi: pork, lard, bacon, ham. A ƙasar Nijar, inda ake rubutu da Faransanci, kalmar ita ce porc. Wanda ya iya haɗa baƙi ya kare bakinsa da na iyalinsa.

Akwai wani sinadari mai yauƙi da ake kira jelatin, ana sa shi a wasu alewoyi da ɓawon kafso. Ana samun sa daga fata da ƙashin shanu ko kifi ko alade. A shekarar 1995 wani taron malamai da likitoci a Kuwait ya ce in abu ya rikiɗe gaba ɗaya ya zama wani abu dabam, ya halatta. Wasu malamai ba su yarda da haka ba a sha'anin abinci. Amma kada mara lafiya ya jefar da magani, ko uwa ta hana ɗanta allura, don jita-jita. A tambayi ma'aikacin lafiya, a tambayi malami masani. Matambayi ba ya ɓata.

Zama da maƙwabta

A garuruwa da yawa Musulmi suna zaune tare da waɗanda addininsu bai hana su kiwon alade ba. Hanin yana kan Musulmi ne. Bai ba shi izinin zagin maƙwabcinsa ko ɓata masa dukiya ba. Malaman Malikiyya da Hanafiyya sun ce Musulmin da ya kashe aladen wanda ba Musulmi ba, mai zaman amana, sai ya biya shi.

Mai alade shi ma yana da nasa nauyin. Ya killace dabbarsa, kada ta shiga gonar mutane ko bakin rijiya ko harabar masallaci. In ta yi ɓarna, a kai ƙara wurin mai unguwa ko dagaci, a kimanta asara, a biya, kamar yadda ake yi in shanu ko awaki suka yi ɓarna. Kada a ɗauki doka a hannu. Ƙaramar rigima a kan dabba ɗaya tana iya cinye gari. In maƙwabci ya kawo abincin da ake shakka, a yi masa godiya, a faɗa masa dalili da tattausan harshe. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi

1. A surori nawa aka hana naman alade? Rubuta sunayensu.
2. Mene ne bambancin dalili da hikima?
3. Mene ne hukuncin naman mugun dawa?
4. Ta yaya wanda ba ya cin alade zai iya kamuwa da cutar tsilarsa?
5. Yaushe larura take halatta cin abin da aka hana?
6. Me ya kamata manomi ya yi in aladun maƙwabcinsa sun shiga gonarsa?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya samo fanko ko ledar wani abin ci na kanti ya zo da shi aji. Malamin aji zai taimaka a karanta abin da aka rubuta a jiki.