NEMAN KABURBURAN IYAYENMU

Darasi na wannan wata. A karanta Farawa sura 23 tukuna.

Masu bi da yawa a cikin ekklesiyoyinmu ba su zaune a garin da aka binne cibiyarsu. Aiki ya kai wani Kaduna, makaranta ta kai wani Jos, wani kuwa tashin hankali ne ya raba shi da ƙauyensu. 'Ya'yansu sun tashi a birni, in aka tambaye su inda kakansu ya ke kwance, sai su yi shiru. Domin wannan waɗansu iyalai su kan ɗebi yara a lokacin hutu, su tafi neman kaburburan danginsu. Waɗansu 'yan'uwa kuwa suna tambaya ko wannan ya dace da mai bi, ko kuwa komawa ce ga tsafin da muka baro. Bari mu bincika tare.

I. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA

Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin ƙasar Kan'ana duka, amma sa'anda Saratu ta rasu tana da shekara 127, ba shi da wurin da zai binne ta. Efron Bahitte ya ce zai ba shi kogon Makfela kyauta. Ibrahim ya ƙi, ya auna masa shekel 400 na azurfa a gaban shaidu a ƙofar gari, domin kada wani ya tashi daga baya ya ce wurin nasa ne. A cikin kogon nan aka binne Ibrahim da Saratu, da Ishaku da Rifkatu, da Lai'atu da Yakubu. Wurin yana Hebron har wa yau, kewaye da katangar dutse wadda ta yi kimanin shekara 2,000, Yahudawa da Musulmi kuwa suna addu'a a can.

Yakubu ya kafa dutse a kan kabarin Rahila a hanyar Baitalami (Far. 35:20). Da ya ga kwanansa ya ƙare a Masar, ya lissafta wa 'ya'yansa waɗanda ke cikin kogon ɗaya ɗaya, da wanda aka sayi gonar a hannunsa (Far. 49:29-32). Yusufu kuma ya rantsar da 'yan'uwansa su fita da ƙasusuwansa. Musa ya ɗauke su a ranar fitowa, aka yi shekara 40 ana yawo da su a jeji, sa'an nan aka binne su a Shekem (Josh. 24:32). Littafin Ibraniyawa 11:22 ya lissafta umurnin Yusufu cikin ayyukan bangaskiya. Kaburburan nan shaida ne ga jikoki cewa iyayensu sun gaskata alkawarin Allah tun ba su ga cikarsa ba.

Mu tuna da Nehemiya kuma. Yana zaune lafiya a fadar sarkin Farisa, amma fuskarsa ta ɓaci domin birnin da kaburburan kakanninsa su ke ya zama kango (Neh. 2:3). Wannan baƙin ciki ne Allah ya mora har aka gina garun Urushalima. Ashe, sanin inda iyayenmu su ke kwance ba zunubi ba ne. Yana cikin girmama uba da uwa.

II. IYAKAR DA ALLAH YA SA

Duk da haka akwai iyaka. Kubawar Shari'a 18:10-12 ta hana neman shawara wurin matattu. Sarki Saul ya tafi Endor da dare domin a kira masa Sama'ila, abin da ya ji kuwa hukunci ne, ya mutu a yaƙin da ya biyo baya. Musa babban annabi ne, amma Ubangiji ya binne shi a ƙasar Mowab inda ba wanda ya san kabarinsa (K. Sh. 34:6). Masana da yawa suna ganin dalilin shi ne kada Isra'ila su mai da wurin abin sujada.

Domin haka ba mu zuba giya ko jini a kan kabari. Ba mu yanka kaza, ba mu ɗebi ƙasar wurin domin magani, ba mu roƙi mamaci ruwan sama ko haihuwa. Matsakanci ɗaya mu ke da shi, Yesu Kristi, kabarinsa kuwa ba kowa a ciki. In wani dattijo a cikin dangi ya ce sai an yi al'ada kafin ya nuna wurin, mu ƙi da ladabi, mu faɗa masa dalili, kada mu zage shi.

III. YADDA ZA MU NEMA

Aikin yana da gaggawa. A ƙasarmu ba a cika rubuta suna a kabari ba. A kan sa dutse, ko itace, ko katangar tukunya, damina kaɗan kuwa ta isa ta baje tudun. Ƙauyuka sun zama kufai, an nome tsofaffin makabartu, an yi gini a kan waɗansu. Abin da ya rage yana cikin kan tsofaffi, su kuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Na fari, mu zauna da tsofaffi tun ba a tashi ba, musamman gwaggo da inna, gama mata su kan riƙe labarin dangi. Mu tambayi sunan mamacin na yanka da laƙabinsa, da sunan ubansa, da unguwarsu. Tsoho ba ya ƙidayar shekara da lamba, sai da sarkin da ke ci, ko yunwa, ko fara, ko annoba. Mu rubuta kamar yadda ya faɗa, lissafi ya zo daga baya.

Na biyu, mu duba littattafan ekklesiya. Tsofaffin majami'u da tashoshin mishan su kan ajiye littafin baftisma da na aure, waɗansu har da na jana'iza. Mu roƙi fasto ko magatakarda ya buɗe mana.

Na uku, wanda kakansa ya tafi yaƙin Bama a zamanin Babban Yaƙi na Biyu (1939-1945) bai komo ba, kada ya fid da zuciya. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a can cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, tana riƙe da sunayen matattu, ana iya bincika su a intanet kyauta. A makabartar Taukkyan kusa da Yangon, a ƙasar da a ke kira Myanmar yanzu, an sassaƙa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da mutanenmu a cikinsu. A gwada rubuta sunan iri iri, gama magatakardan soja su kan haɗa sunan mutum da na garinsu.

IV. RANAR TAFIYA

Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan kaka, sa'anda aka kwashe amfanin gona, ciyawa kuma ta bushe. Mu fara da gaida mai gari ko mai unguwa, da goro a hannu, mu faɗi abin da ya kawo mu. Matambayi ba ya ɓata. In wurin ya zama gonar wani, mu nemi izininsa, mu tabbatar masa ba rigimar ƙasa muka zo tayarwa ba. In makabartar Musulmi ce, mu bi ƙa'idarsu, kada mu kafa gicciye ko mu zuba siminti ba da yardar dangi ba. Su ma iyayensu ne ke kwance a wurin.

In an sami kabarin, mu share shi, mu sa alama mai daɗewa. Mu ƙidaya taki daga kuka ko tsamiya ko dutsen da ke kusa, mu ɗauki hoto, mu rubuta duka a littafin iyali, a ba kowane gida nasa. Sa'an nan mu zaunar da yara a inuwa, a ci guzuri tare, babba ya ba su labarin mutumin: sana'arsa, da halinsa, da wahalar da ya sha. In mai bi ne, mu gode wa Allah domin bangaskiyarsa. In bai ji bishara ba, mu gode domin ran da Allah ya ba mu ta wurinsa, mu bar shari'a ga Mai shari'ar dukan duniya, wanda ba ya zalunci. Kada kuma mu juyo ba mu shiga gidajen dangi masu rai ba, gama zumunci a ƙafa ya ke.

Muna da iyaye cikin bangaskiya kuma. Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent kuma a Bida, dukansu a 1894, shekara guda bayan saukarsu a Ikko tare da Rowland Bingham. Bayansu akwai masu bishara 'yan ƙasa waɗanda suka fara wa'azi a garuruwanmu. Kowace ekklesiya ta bincika inda aka binne nata, ta kai matasa su gani.

V. IN BA A SAMU BA

Wani iyali zai yi tafiya mai nisa, ya tarar da kasuwa ko hanyar mota a kan wurin. Wani kuma an kashe nasa a cikin rikici, ba a ga gawar ba. Ya ɗan'uwa, kada wannan ya nauyaya maka. Ru'ya ta Yohanna 20:13 ta koya mana har teku za ta ba da matattun da ke cikinta. Bulus kuma ya rubuta wa Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki irin na marasa bege, gama waɗanda suka mutu cikin Kristi su ne za su fara tashi. Ubangiji ya san inda kowa ya ke kwance, ko da alama, ko babu.

TAMBAYOYI

1. Don me Ibrahim ya ƙi karɓar kogon kyauta?
2. Mene ne bambanci tsakanin tunawa da matattu da roƙonsu?
3. Wane tsoho ne a danginmu ya san kaburbura? Yaushe za mu je wurinsa?
4. Wa ya fara kawo bishara garinmu, ina kuma aka binne shi?