Raunin Tsoka Na Gado: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Idan yaro ya yi jinkirin tafiya, jikinsa ya saki, nan da nan sai a ce shan inna ce, ko kuwa iska ta taɓa shi. Alhali akwai raunin da tushensa ke cikin ƙwayoyin gado. A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari, kolajin na shida, wanda ke kewaye da zaren tsoka yana riƙe shi, kamar yadda ramno ke riƙe ƙasar gini. Ƙwayoyin gado uku ne ke tsara samuwarsa: COL6A1 da COL6A2 a kan kuromozom na 21, sai COL6A3 a kan na 2. In ɗayansu ta sami tangarɗa, tsoka sai ta riƙa lalacewa sannu a hankali.

Ciwon iri biyu ne. Mai tsananin, likitan Jamus Otto Ullrich ne ya bayyana shi a 1930: gwiwa da gwiwar hannu sun ƙage, yatsu da wuyan hannu kuwa suna lanƙwasuwa fiye da kima. Mai sauƙin, Bethlem da van Wijngaarden suka bayyana shi a ƙasar Holan a 1976. Mai shi yakan girma da ƙafarsa, amma in ya haɗa tafukansa, yatsun ba sa miƙewa. A 1996 aka gano alaƙar na Bethlem da waɗannan ƙwayoyi, na Ullrich kuma a 2001.

Wani zai ce, tunda ba a sami maganin warkewa ba, mene ne amfanin sani? Amfaninsa babba ne. Abin da ya fi barazana ga mai ciwon Ullrich shi ne raunin tsokar numfashi, musamman cikin barci; in an san ciwon, za a riƙa auna numfashinsa, a taimake shi da na'ura da dare, a yi masa gashin gaɓoɓi. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, don haka hana shi makaranta zalunci ne.

Wani kuma zai ɗora laifin kan uwa. Wannan kuskure ne. Wani lokaci uwa da uba duk suna ɗauke da tangarɗar a ɓoye, kamar sikila, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwarsu. Wani lokaci kuwa a jikin yaron ta faro, ba a wajen kowa ya gada ba. Saboda haka gidan da aka ga alamun nan, a kai yaro asibiti tun da wuri, a kuma nemi shawarar likita kafin a ƙulla wani auren cikin dangi.